Yatsa Ɗaya Ya Tuɓe Mini Aikin Kwana Tara

Duk waɗanda suka ga hoton wilin gaban babur ɗina makon jiya suka yi ta sa mini albarka, don Allah kowa ya zo ya kwashi yabonsa, a ajiye sai wani jiƙon. Wilin dai yana nan. Fentin ne ya yi nasa wuri.

Rim ne na alminiyam mai hannuwa biyar, ya yi dusu-dusu, na ce bari in goge leɓensa ya koma kamar madubi, tsakiyar kuma in fesa mata baƙi. Na ɗage babur, na kwance kalifar birki, wato abin da ke matse faifan birki, na rataye ta da waya don kada nauyinta ya ja tiyo, na zare ƙarfen tsakiya, na cire faifan birki. Duka-duka minti ashirin. Da a nan na tsaya, da har yanzu ina da mutunci a layinmu.

Kun san Baban nan na gidan da ke kallon nawa, ba sai na kama suna ba. Mutumin da ko keke ban taɓa ganin ya hau ba, amma da ya ji ƙarar sufana ta faɗi ƙasa sai ka gan shi tsaye a kanka, hannu biyu a baya. Ba ya taya ka aiki, ba ya kuma tafiya.

Na matsa Autosol, man goge ƙarfe, a tsumma na hau dirza. Awa biyu ina abu ɗaya, gumi har cikin ido, leɓen rim ko gezau. Baba ya leƙo ya ce, "Ɗana, tsumman naka fa bai yi baƙi ba." Na ce ai don wilin yana da tsabta ne, Baba. Ya ce, "Uhm." Wannan uhm ɗin ita ce ta fara ɓata mini rai, domin shi ke da gaskiya. Tsiraran alminiyam in ya ji man gogewa, kafin ka ƙirga goma tsumma ya koma baƙi wuluk. In tsumma ya zauna fari, ba ƙarfe kake gogewa ba, kiliya ce, wato ruwan ƙyallin nan marar launi da kamfani ke fesawa a sama. Awa biyu na yi ina yi wa kiliya tausa.

Washegari na shafa maganin cire fenti da buroshi, ina kaffa-kaffa kada ya taɓa taya ko robar boris. Cikin kwata ɗaya kiliyar ta kumbura ta tashi, na kankare da ɓallin roba. Na yi sa'a tawa kiliya ce. Akwai rim ɗin da ake ƙarfafa fatarsa da lantarki tun a kamfani, shi maganin fenti ba ya ce masa komai. Masu gaggawa kan zuba masa soda mai ƙuna, ita kuwa in ta gama da fatar sai ta wuce cikin alminiyam ɗin, ka dawo ka tarar da rim ya yi toka-toka da ƙananan ramuka.

Sai samfefa, inda ake gane mai haƙuri. Ana farawa daga lamba 320, sai 400, 600, 800, 1000, 1500, a ƙare da 2000. Daga 600 zuwa sama da ruwa ake yi, a ɗiga ɗan sabulu a bokiti don kada samfefar ta toshe. Duk lokacin da ka canza lamba ka canza hanyar hannu: in ka bi da'irar rim da ta farko, ta biyu ka gitta. Ta haka kake ganin ko zanen lambar baya ya mutu. Ni kuwa da na kai 400 na dubi sauran takardun, na ga dare zai yi mini, na yi tsalle na dira a 1000. Ƙarfe ya yi sumul a ido. Ina sa man gogewa, ƙyalli ya taso, tare da shi kowane zane na 400 ya fito ya jeru reras kamar an ja da allura. Man gogewa ba ya ɓoye zane, haska shi yake yi. Na koma 600 na sake hawowa. Kwana uku. A rana ta ukun wayata ta daina gane yatsana, sai da lambar sirri nake buɗe ta.

Amma fa leɓen ya yi kyau, wannan ko Baba bai musa ba. Na gan shi yana duba haƙoransa a ciki.

Rufe wuraren da ba a son fenti, shi ne abu ɗaya da na yi daidai tun farko, don haka ku bar ni in ɗan yi alfahari. Na sace iskar taya, na jera karta tsakanin taya da bakin rim zagaye, kowace ta ɗan hau kan 'yar'uwarta. Na naɗe leɓen da na goge da tef na takarda, na toshe ramin boris gefe biyu, na rufe bawul. Na kuma rufe mazaunin faifan birki, domin in fenti ya kwanta a ƙarƙashin faifai, zafi da matsi za su murƙushe shi daga baya, notuna su saki, faifai ya riƙa rawa yana bugun hannu in an kama birki.

Feshin farko ya fito da ƙananan ramuka zagaye-zagaye kamar idon kifi. Man da nake fesa wa taya don ta yi sheƙi ne, yana da silikon, fenti kuwa yana ganin silikon yake ja da baya. Ga kuma maiƙon man gogewar da na yi ta shafa wa hannuwan rim da yatsuna ban sani ba. Na wanke da tina, na sake. Karo na biyu na bi ƙa'ida: tazarar santimita 20 zuwa 25, shafi uku marasa kauri, minti 10 zuwa 15 tsakaninsu. Da safe na hango wani lungu da bai ji baƙi sosai ba, na ce bari in ɗan ƙara masa. A jikin gwangwanin an rubuta a ƙara shafi cikin awa ɗaya, in ya wuce haka a jira awa 48. Sai bayan wurin ya yamutse kamar wuyan ƙadangare na karanta. Saman fentin ya bushe, cikinsa ɗanye, sabon feshin ya jiƙa fatar ta tattare. Na jira, na goge, na sake.

Abu biyu na tsallake da gangan. Na farko shimfiɗar nan mai ɗan asid da ake fara fesa wa tsiraran alminiyam. Shi alminiyam da ya sha iska yake yin wata siririyar fata, fenti ba ya kama ta sai an sami abin da zai ciza ya riƙe. Na kuma bi hannuwan rim da samfefa mai laushi har suka yi santsi, alhali fenti kaushin 400 yake so. Na biyu kiliya. An nuna mini mai haɗi biyu, wadda ake danna maɓalli a gindin gwangwani sinadarin ƙarfafawa ya gauraya. Ita ce ke jure fetur. Amma in ka danna dole ka ƙarar da ita cikin kamar kwana biyu, kuma hayaƙinta guba ne ga huhu, sai da takunkumi mai matatar sinadari, na kyalle ba ya yi. Na ce wahala, na ɗauki ta gama-gari. Baba yana tsaye na fesa. Ya ce, "Ba a sa wani abu a ƙasa tukuna?" Na ce wannan na zamani ne, Baba, komai yana ciki.

Daren kwana na takwas na mayar da wili. Kalifa ta ƙi hawa faifai, sai na sassauta ɗan notinta da ake fitar da iskar birki ta cikinsa, na tura fistin da ke cikinta ya koma baya da sukudireba, ta shige. Man birki ya ɗan tsirto. Ban goge ba, notin ma ashe ban ɗaure shi ya zauna ba. Man birki DOT 4 kuwa duk wanda ya taɓa zubar da shi a kan tanki ya san aikinsa, maganin cire fenti ne da aka sa wa wani suna. Ya kwana yana ɗiga a wuri ɗaya.

To, ga safiyar.

Na turo babur waje na kafe shi inda rana za ta doki leɓen. Mutum biyar suka taru, har da ƙanena da abokin nan nasa mai dariya kamar ana tayar da janareto. Ana ta kai, kai, wannan ai sai ka buɗe wurin sana'a. Ni kuma ina cewa ai ba wani abu ba ne, haƙuri ne kawai da sanin ƙa'ida. Na faɗi kalmar ƙa'ida da bakina. Sau biyu.

Baba ya tsallako. Bai ce komai ba. Ya zagaya babur sau ɗaya. Ya tsuguna, gwiwarsa ta yi ƙara, kowa ya yi shiru. Ya kwance hannun nan nasa daga baya, hannun da kwana tara bai ɗauko mini ko tsumma ba, ya miƙa manuniya ya ce, "Ɗana, nan wurin kamar da danshi." Na buɗe baki zan ce raɓa ce. Ya ɗora yatsa ya ja, a hankali, kamar mai share wa jariri hawaye.

Fentin ya biyo shi. Ba gogewa ya yi ba, tuɓewa ya yi, kiliya da baƙi gaba ɗaya, ya naɗe a kan yatsar kamar baƙar leda, ƙarƙashi ga alminiyam fari tas yana kallona. Baba ya ɗaga yatsar sama ya juya ta, kowa ya gani. Maimakon ya tsaya nan, sai ya sa farce a bakin wurin ya ɗan ja, wai yana so ya ga iyakarsa. Ba shi da iyaka. Wurin da man birki bai taɓa ba ma ya taso, tsiri guda mai tsawon tafin hannu, tunda babu abin da ya riƙe shi a ƙasa. Ya miƙo mini tsirin. Ni kuma, wannan ne abin da ke hana ni barci, na sa hannu biyu na karɓa. Har na ce na gode.

Janareto ya tashi. Ƙanena ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Baba ya ce, "Na zamanin ne ko?"

Na ga ba abin da ya rage sai in bar wurin. Na cusa tsirin a aljihu, na hau, na tayar, na ja a fusace. Taku goma na kama birkin gaba don in karya kwana, hannun birki ya tafi salamun-salamun har ya manne da roba. Duk wanda ya tura fistin baya dole ya matsa hannun birki sau da yawa kafin ya motsa babur, har sai ya ji ya yi tauri. Na san wannan. Na sha gaya wa mutane. Birkin baya yana nan lafiya lau, amma ƙafafuna biyu suna ƙasa ina jan su kamar mai koyon keke, babu mai taka shi. Na bi ta kan bokitin ruwan samfefa da na bari tun kwana huɗu, ruwan toka ya wanke mini wando, na je na sumbaci ƙofar gidan Baba, ƙwas. A hankali ne, ko ƙofar ba ta lotsa ba. Ya taso daga tsugunnon ya ce, "Ai da ka yi sallama, a buɗe take."

Abin da ya fi ci mini rai, mutumin nan sufanata mai lamba 8 tana hannunsa tun bara. Ya ara wai zai ɗaure wani abu a jikin fanka. Lamba 8 kuwa ita ce daidai kan notin fitar da iskan nan. Da tana wurina da ba da filaya na ɗaure shi ba, da ya zauna, da mai bai ɗiga ba. Na gaya wa uwargida haka, ta ce to shimfiɗar da ba ka sa ba fa, ita ma shi ya ara? Ban amsa ba. Sau uku ina tambayarsa sufanar, kullum sai ya ce, "Wace iri? Mai baki biyu?" ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da lamba 10 wadda ba tawa ba. Ban san ta wa ce ba. Tana wurina yanzu.

Wilin yana jingine a bango, na sake kankare shi tas. Leɓen ma ya fara dushewa, tunda tsiraran alminiyam sai ana bin sa da mai lokaci-lokaci. Na sayo shimfiɗar da takunkumin, ban dai danna maɓallin gwangwanin kiliya mai haɗi biyun ba tukuna. Wilin baya kuwa ban ko taɓa shi ba. Jiya Baba ya aiko jikansa wai in akwai ragowar baƙin fenti a ba shi, zai shafa wa ƙofa.