Alhaji da Sunan Wi-Fi

Alhaji: Kai yaro, datar wata guda ta ƙare a kwana tara. Duba min akwatin nan.

Injiniya: To, ranka ya daɗe. Bari in jona kebul daga rauta, wato akwatin Wi-Fi ɗin nan, zuwa kwamfuta, don in na taɓa saiti ta Wi-Fi zai yanke ni ana tsakar aiki.

Ya buɗe burauza ya buga 192.168.1.1, adireshin shiga saitin rauta, shiru. Ya kifa rautar ya karanta takardar da ke manne a gindinta, ashe 192.168.0.1 ce. Suna admin, kalmar sirri admin, ƙofa ta buɗe. Haka wasu masu haɗa rauta suke, su karɓi kuɗin aiki su bar maka gida ba sakata.

Injiniya: Alhaji, mutum nawa ne a gidan nan?

Alhaji: Huɗu.

Injiniya: Wayoyi 17 nake gani a kai. Makulli biyu za mu canja: na shiga saitin rauta daban, na Wi-Fi daban. Sai suna, wato SSID. Me za a sa?

Alhaji: Yauwa, ka zo wurin. Rubuta: Gidan Alhaji Dakta Uban Marayu Garkuwan Talakawa.

Injiniya: Harafi 48 ke nan, har da tazara. Gurbin ba ya ɗaukar fiye da 32.

Alhaji: Ka matse su.

Injiniya: Ba tabarma ba ce, ranka ya daɗe. Kuma gara sunan da bai nuna gidan wa ba ne. A cire Dakta?

Alhaji: Ka san nawa na kashe a Daktan nan? Cire Gidan. Marayun ma su yi haƙuri.

Injiniya: Alhaji Dakta Garkuwan Talakawa. 30 cif.

Alhaji: Madalla. Yanzu ka kori talakawan nan daga kan datata. Kuma an ce ana ɓoye suna, ɓoye shi.

Injiniya: Ɓoyewa ba tsaro ba ce. Duk sanda wayarka ta haɗu da rauta sai sunan ya fita a iska, mai manhajar saurare zai gan shi. Wahalar taka ce, kowace waya sai an buga mata sunan da hannu. Sannan in an ɓoye, wa zai ga Daktan?

Alhaji ya yi shiru, ya gyara zama.

Alhaji: Bar shi a fili. Ni ba na son ɓoye-ɓoye.

Injiniya: Sai nau'in tsaro. Tana kan WEP, wanda ake fasawa cikin 'yan mintuna. Zan mai da ita WPA2 da salon rufe bayanai na AES. Salon TKIP ba na so, tsoho ne, kuma yana danne gudu zuwa megabit 54. Akwai WPA3 da ya fito a 2018, ya fi ƙarfi, amma tsohuwar talabijin ɗinka ba lalle ta gane shi ba, sai dai a sa WPA2/WPA3 a haɗe.

Alhaji: Uku ya fi biyu. Ni ba a ba ni na biyu.

Injiniya: An haɗa maka duka, sun zama biyar.

Alhaji: Yanzu ka yi magana.

Injiniya: WPS kuma, hanyar shiga Wi-Fi ba tare da kalmar sirri ba, na kashe. Lambar shigarsa mai lambobi takwas ce, amma rauta rabi-rabi take duba ta, gwaji wajen 11,000 ya isa a cinko ta. Kalmar sirri fa?

Alhaji: 12345678. Shekara biyar ban taɓa mantawa ba.

Injiniya: Maƙwabta ma ba su manta ba.

Alhaji: To juya ta, 87654321. Su zo su gane.

Injiniya: Ita ce ta biyu da yaro zai gwada. Ana karɓar harafi 8 zuwa 63. Kada ta gaza 12: kalmomi uku ko huɗu da ba su da dangantaka, a cusa lamba da babban harafi. Ba lambar waya, ba ranar haihuwa.

Alhaji: Sa Dakta a ciki.

Injiniya: Daktan yana jikin suna, kowa na ganinsa. Baƙi kuma na buɗe masu layin baƙi da kalmarsu daban, ba sa ganin na'urorin gida. In ka ba mutum ta gida, waya na nuna ta da hoton QR, ya raba wa duniya. Na adana, rauta za ta tashi sabuwa, kowa ya sake shiga. Kada a danne ɗan ramin bayan nan. Daƙiƙa goma da tsinke, ta koma admin admin.

Wayoyi 17 suka faɗi, saura sifili. Alhaji ya karɓi takardar, ya fita tsakar gida ya ɗaga murya.

Alhaji: Hajiya! Ɗauko wayarki! Sabuwar kalma: Tsani, bakwai, Gajimare, huɗu, Kwado!

Maƙwabci, ta bayan katanga: Alhaji Dakta, G ɗin nan babba ce ko ƙarama?

Alhaji: Babba ce mana! Ka taɓa ganin na yi ƙaramin abu?