Babi na biyu ba ya rufuwa sai ranar kare kundi

'Yan'uwana ɗalibai masu neman digiri na biyu da na uku a nan Legas, akwai wata ɗabi'a da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Da zarar malami mai duba aiki ya sa hannu a babi na biyu, wato bitar ayyukan magabata, sai ɗalibi ya rufe shi ruf, ya shafe shekara biyu ko uku yana tattara bayanai ba tare da ya sake leƙa abin da masana fanninsa ke wallafawa ba.

A ɗauki wanda ya fara nazari kan zazzaɓin cizon sauro a 2020. Idan ya rubuta a lokacin cewa babu allurar rigakafin cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita, gaskiya ya faɗa. Sai dai a Oktoban 2021 hukumar ta amince da allurar rigakafin RTS,S, a Oktoban 2023 ta ƙara da wata mai suna R21, kuma a Disambar 2024 aka fara yi wa yara R21 a Kebbi da Bayelsa. Duk wanda ya zo kare kundinsa da waccan tsohuwar magana, kwamiti zai fara kokwanton sauran aikin, komai wahalar da ya sha a kansa. Abin da ya fi tayar mini da hankali ma shi ne maƙalar da aka janye bayan ɗalibi ya riga ya kafa hujja da ita. Mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa wata maƙala kan maganin hydroxychloroquine da cutar korona a Mayun 2020, a watan Yuni aka janye ta.

Na san uzurinmu: aiki, iyali, tsadar data, ga rashin wuta. Amma Google Scholar, shafin neman maƙalun bincike, yana aiko saƙon imel kyauta duk lokacin da sabon aiki ya fito a kan maudu'in da mutum ya zaɓa, PubMed, rumbun maƙalun fannin lafiya, ma haka, sannan African Journals Online na tattara mujallun nahiyarmu. Wanda ke zaune cikin cunkoso daga Agege zuwa harabar Jami'ar Legas a Akoka ko Idi-Araba yana iya karanta tsakure biyar a wayarsa, ya ware guda ɗaya da ta shafi tambayar bincikensa kai tsaye, ya karanta ta a tsanake ranar Asabar, ya gyara babin nan take. Sauran ya bar su, domin mai bin kowace maƙala ba zai gama kundi ba.

Ina kuma roƙon malamanmu, a duk zaman duba aiki su riƙa tambayar ɗalibi wane sabon abu ya karanta tun haɗuwarsu ta baya.