Tukwici ba wajen nuna isa ba ne

'Yan'uwana matasa, akwai wata ɗabi'a da ke sosa min rai. Saurayi zai zauna a gidan abinci yana kiran mai hidima da "kai!" yana tafa hannu, in an tashi sai ya zaro kuɗi ya ɗaga yadda abokai za su gani, ya wurga kan tebur. Wai shi ya yi kyauta. Wanda zai sunkuya ya ɗauki kuɗin nan fa, shi ma da zuciya a ƙirjinsa. Allah Ya hana mu ɓata sadaka da gori da cutarwa, a aya ta 264 ta Suratul Baƙara. Ninke abin da za ka bayar, ka sa masa a tafin hannu, ka dube shi ka ce sannu da aiki. Ko kaɗan ne, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Sannan ladan aiki daban, tukwici daban. Kada ka danne mai gyaran famfo a ciniki har ya haƙura don dole, ka zo kana ƙara masa 'yan canji kana jiran godiya. Abin da kuwa aka miƙa wa jami'i don ya tsallake da mutum layi, cin hanci ne, ko da wane suna aka kira shi.

In tafiya ta kama ka, ka tambaya tun kafin ka sauka, matambayi ba ya ɓata. A Amurka, dokar tarayya ta yarda a biya ma'aikacin da ke samun tukwici dala 2.13 kacal a awa, kuma tun 1991 adadin bai motsa ba, ko da yake jihohi da dama sun ɗaga nasu. Shi ya sa ake barin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin abinci. Wanda ya biya daidai ya fice, a ganin ma'aikatan guminsu ya ci. A Japan kuwa, ka bar kuɗi kan tebur sai a biyo ka da gudu a mayar maka, a zaton mantuwa ka yi. A Faransa an riga an haɗa kuɗin hidima cikin farashi. A Landan sau da yawa za ka ga an ƙara kashi 12.5 a ƙasan rasit, don haka karanta shi kada ka biya sau biyu.

Wadda aka fi mantawa ita ce mai gyaran ɗakin otal, don ba a ganinta. Ka fita ka bar tawul a jiƙe a ƙasa, ka dawo ka tarar an canza zanin gado, an wanke banɗaki tas. Inda al'adar wurin ta yarda, ajiye mata nata kullum da 'yar takardar godiya a kai, don ta san ba mantuwa ba ce. Kada ka jira ranar tafiya, domin wadda ta yi maka wahalar kwana huɗu wataƙila ran nan ba ita ke aiki ba.