Mataccen ɓera a kwalbar alewa

Yawancin tarihin manya da ake miƙa wa yara bakinsu ɗaya: tun wane yana goye aka ga alamar girma a tare da shi, bai taɓa ƙarya ba, bai taɓa makara ba. Yaro ya karanta shafi uku ya fara hamma. Shi ya sa nake goyon bayan marubutan yara da ke rubuta labarin ƙuruciyarsu da hannunsu, kuma don yaran.

Ku dubi Roald Dahl, haifaffen Wales a 1916, iyayensa 'yan Norway. A littafinsa Boy na 1984 bai wanke kansa ba. Shi da abokansa suka tsinci mataccen ɓera, ya lallaɓa ya jefa shi a kwalbar alewar wata tsohuwa mai kanti, wadda suka tsana saboda masifarta da dauɗar hannunta. Tsohuwa kuwa ta biyo su har makaranta ta nuna su ɗaya bayan ɗaya, hedimasta ya zane su da sanda, tana zaune tana zuga shi ya ƙara. Wane yaro zai ajiye littafi a nan? Daga baya a makarantar Repton kamfanin Cadbury kan aiko wa ɗalibai sababbin cakulan su ɗanɗana su ba da maki, kuma nan ne tushen littafinsa Charlie and the Chocolate Factory na 1964. Yaro zai gane ashe labari daga irin rayuwarsa ake tono shi.

Sai dai akwai inda Dahl ya ɓata mini rai. Ya ce shugaban Repton da ya yi wa abokinsa dukan kawo wuƙa shi ne wanda daga baya ya zama Archbishop na Canterbury (babban limamin Cocin Ingila), wato Geoffrey Fisher, wanda ya naɗa Sarauniya Elizabeth a 1953. Masu binciken rayuwarsa sun gano Fisher ya bar makarantar a 1932, dukan kuwa a 1933 aka yi shi, zamanin magajinsa. Babba kan yi shakka ya bincika, yaro ɗan shekara 10 kuwa haɗiyewa zai yi, ya girma yana tsine wa wanda bai ji ba bai gani ba.

Duk da haka zan ba ɗana ya karanta. In ya kai babin dukan, sai in zauna kusa da shi in nuna masa shekarun nan biyu.