Ba Sai Sunan Tsakiya Ya Yi Kama da Na Farko Ba

Iyaye da yawa suna zaton sunan jaririya na tsakiya ba zai dace da na farko ba sai sun fara da harafi ɗaya, ko sun ƙare da amo ɗaya. Ba haka ba ne. Sau da yawa ma kamannin ne ke ɓata su. Faɗi "Amina Amira" da sauri ka ji yadda harshe ke sarƙewa, mai sauraro kuma ya kasa rarrabe su. Kunne ya fi son bambanci, gajere bayan dogo, kamar "Khadija Nur". Kafin a yanke shawara, a binciki ma'anar kowanne, sannan a furta su a jere har da suna na ƙarshe, domin haka za a riƙa kiranta a makaranta da asibiti.