Ɗan kwangila ya gama kwalta, waye zai mayar wa kudan zuma furensa?

Duk wanda ke bin hanyar Kaduna zuwa Zariya ya ga yadda aikin titi yake, katafila ta zo ta share gefe da gefe tas, ɗorawa da kaɗanya da tsamiya duk a ƙasa, a haƙi jar ƙasa a bar rami wangame sai ruwan damina ya mayar da shi kududdufi. Tun 2017 aka ba da kwangilar Abuja zuwa Kano, kilomita 375, to ka lissafa faɗin ƙasar da ake sharewa hagu da dama, fili ne ba ƙarami ba kuma babu wanda ke maganarsa in an gama.

Ni ra'ayina shi ne a saka gyaran wannan filin cikin takardar kwangila tun farko, kamar yadda ake saka kwalbati da gada, a shuka abin da ke yin fure saboda kudan zuma da malam-buɗe-littafi da sauran ƙwarin da ke barbarar furanni. Na san wani zai ce haba malam, ana fama da ramuka kai kana ta ƙwari. To ai maganar abinci ce. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kusan kashi 75 cikin 100 na nau'o'in amfanin gona suna buƙatar waɗannan halittu ko yaya ne. Gaskiya masara da dawa iska ce ke musu aikin, cittar Kachia ma saiwa ake dasawa ba ruwanta da zuma, amma kabewa fa? kankana, mangwaro, kaɗanyar da mata ke tsinta su yi man kaɗe? Furen kabewa namiji daban mace daban, in ƙwaro bai ɗauko garin wannan ya kai wa waccan ba, ƴar kabewar sai ta yi ɗorawa-ɗorawa ta zube, manomi ya ɗauka taki ne bai isa ba ya ƙara kashe kuɗi.

Kuma yanzu gonaki ko'ina feshi ne, maganin ciyawa ya maye gurbin fartanya, sai bakin titi ya zama kusan shi kaɗai ne tsirin ƙasar da ba a nomawa. Amurka sun gane haka, dokar sufurinsu ta 2015 ta ƙarfafa wa jihohi gwiwa su rage yankan ciyawar bakin hanya su shuka furannin gida. A Utrecht ta ƙasar Holan kuwa a 2019 rufin tashoshin bas sama da 300 aka shuka wa tsirrai. Mu ba sai mun kai nan ba.

Babbar hujjar masu adawa tsaro ce, kuma ban raina ta ba, duk ɗan Kaduna ya san abin da duhuwar daji ta jawo a hanyar Abuja. Amma ba kurmi ake nema ba, tsirrai ne gajeru da ba su wuce gwiwa ba, bishiyoyi kuma a ba su tazara nesa da kwalta yadda direba da jami'an tsaro za su hangi nesa. A cikin garin Kaduna ma ai matsalar ba ta taso ba, dubi tsakiyar titunan da aka sabunta daga 2019, wurare da yawa siminti ne da intalok, zafi kawai suke maido mana a watan Maris. Ramukan haƙar ƙasar nan kuma a cike su a dasa zogale, magarya, ɗorawa, masu amya na ƙauyukan kusa su ci moriya.

Sai lokacin aiki, wanda shi ko sisi ba ya ci. Kar a yi sharar gefen hanya sai fure ya gama ya zubar da iri, a bar feshi barkatai, a hana cinna wuta da hunturu. Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli tana nan tun 1992, ga masana aikin gona a Samaru ga kwalejin gandun daji a Afaka, su za su faɗi wane iri ne ya dace da ƙasar Birnin Gwari wane ne na Kafanchan. Hukumar gyaran titunan tarayya FERMA da ma'aikatar ayyuka ta jiha su rubuta shi cikin sharuɗɗa, kuma kar a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai dashen ya kama ya ga damina biyu.