Jirgin Oxley: 'yan uwansa ne suka nutsar da shi, gwamnati kuma ta rufe bakinta

Mako ɗaya kacal da Ingila ta shiga yaƙin duniya na biyu, ranar 10 ga Satumba 1939, ta yi asarar jirginta na farko mai tafiya a ƙarƙashin teku, HMS Oxley. Kuma ba Jamus ce ta harbe shi ba, wani jirgin Ingilan ne mai suna HMS Triton.

Da daddare ne abin ya faru a kusa da gaɓar Norwe. An raba wa kowane jirgi yankin da zai yi sintiri, sai Oxley ya kauce daga nasa. Mutanen Triton suka hango wani jirgi a cikin duhu, suka haska masa fitila har sau uku suna tambayar wane ne, shiru, suka harba wuta mai launin kore sama, nan ma shiru. A can kuwa fitilar Oxley ta ƙi aiki yadda ya kamata, abin harba wutar amsa ma ya ƙi tashi. Kwamandan Triton, Steel, ya sakar wa Oxley topido biyu, wato makaman da ake harba wa jirgi ta cikin ruwa. Mutum biyu ne kawai aka tsamo da rai, kwamandan Oxley Bowerman da wani sojan ruwa ɗaya, sama da mutum 50 suka tafi.

Ni dai gaskiya ban ga laifin Steel ba, kwamitin bincike ma ya wanke shi. Mutum yana tsakiyar teku cikin dare, ya yi sallama har sau huɗu ba a amsa ba, ga rayukan yaransa a wuyansa, me ake so ya yi?

Abin da ke ci min rai shi ne abin da hukumar sojin ruwa ta yi daga baya. Aka ce wa jama'a wai fashewa ce ta haɗari a cikin jirgin, gaskiyar ba ta fito ba sai a shekarun 1950. Wasu za su ce ai lokacin yaƙi ne, faɗin gaskiya zai karya wa sojoji gwiwa ya faranta wa Hitila rai. To na yarda, a 1939. Amma yaƙi ya ƙare a 1945 fa, wane sirri kuma ya rage? Uwa ta ba da ɗanta, mace ta zama bazawara da marayu a gabanta, ko gawa ba su gani ba, sannan aka bar su shekara da shekaru suna zargin wani sakaci a cikin jirgin, wasu iyayen ma wataƙila har suka koma ga Allah ba su san yadda 'ya'yansu suka mutu ba.